Maigida Ya Ce Girkina Ya Zama Na Asibiti

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a Zariya, yarana huɗu. Wata uku ke nan da aka auna maigidana aka ce yana da hawan jini, 160 bisa 100, aka ɗora shi a kan magani, likita ya ce a rage masa gishiri da mai. Tun ranar na cire gishiri da dunƙule gaba ɗaya daga abincinsa, ina ɗora masa tukunyarsa daban. Yanzu ya ce girkina ya zama na asibiti. Sai ya yi loma biyu ya tsame hannu, bayan isha'i ya fita ya ci tsire ko taliyar mai shayi. Ga mahaifiyarsa, Hajiya, tare muke zaune, gwiwoyi sun matsa mata. Kullum sai ta jiƙa kanwa ta sha, ta kuma aiki yara su sayo mata ƙwayoyin nan na ciwon jiki da ake haɗawa a ƙulla a leda. In na yi magana ta ce 'yan boko mun fi kowa tsoro. Na gaji da tukunya biyu, gas ya yi tsada, ina kuma tsoron kada in cuce su da hannuna. Me zan riƙa dafawa, kuma wane maganin gida zan yarda da shi?

Daga wata 'yarki a Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba maigida da Hajiya lafiya, ke kuma ya biya ki wahalarki.

Ki sauke tukunya ta biyun nan tun yau. Na san da kyakkyawar niyya kika ɗora ta, amma ki duba abin da ta haifar. Magidanci yana zaune a gidansa, ƙamshin miyar da yaransa ke sha yana dukan hancinsa, shi kuma an tura masa kwanon lami kamar wanda ake horo. Dole ya fita. Inda yake zuwa kuma, yajin tsire cike yake da gishiri da dunƙule, ita ma taliyar mai shayi ɗan ƙullin garin da ke cikin ledarta galibinsa gishiri ne, kafin ma mai shayi ya ƙara nasa a ƙwai. Ana gudun gara an faɗa wa zago ke nan. Likita cewa ya yi a rage, ke kuma tsoro ya sa kika cire.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, wato cokalin shayi ɗaya a shafe, ba mai tozo ba. Wannan lissafin ya haɗa da komai: na miya, na biredi, na yaji, na ƙuli-ƙuli, da wanda ke ɓoye a dunƙule. Shi dunƙulen nan da muke marmasawa ba tare da ƙirgawa ba, kusan rabinsa gishiri ne. Macen da ta jefa shida a miya sannan ta kawo gishiri ta barbaɗa, ta sa gishiri sau biyu ba ta sani ba. Kuma wannan ma'auni ba na masu hawan jini kaɗai ba ne, na kowa ne, yara ma ƙasa da haka ya kamace su. Saboda haka tukunya ɗaya za ki yi wa gidan duka, ki rage mata gishiri a hankali.

A hankali na ce. In da kina sa dunƙule shida a miyar gida, ki koma biyar har mako biyu, sannan huɗu, sannan uku. Kada ki yi shela. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har ya kai mutum ya ci abincin biki ya ji gishirin ya yi masa kau. Na gwada wannan a gidana lokacin da aka ce wa mai gidan nan jininsa ya hau. Wata biyu ina ragewa ba wanda ya ce uffan, sai ranar da bakina ya kasa riƙe magana na faɗa a gaban yara. A daren nan kowa ya gano miyar ba ta ji gishiri ba, miyar da suka suɗe kwanonta jiya. Ki koyi darasi da ni, ki ja bakinki.

To, in an rage dunƙule, me zai riƙe miyar? Abin da ya riƙe ta kafin dunƙule ya shigo kasuwanninmu. Kakata ba ta taɓa ɓare takardar dunƙule ba, amma in tana kaɗa miyar kuka har maƙwabta sun sani. Ga yadda nake yin tawa, irin tata ce. Na fara ɗora ƙashi, ko kan busasshen kifi in babu nama, da albasa babba guda a yanke, in bar su su yi ta tafasa har ruwan ya yi kauri ya canza launi. Kafin nan na daka daddawa a turmi tare da barkono, busasshiyar citta, masoro kaɗan da kanumfari uku ko huɗu, sai sun zama gari. In na zuba, ba na gaggawa. Daddawa tana son wuta. Da farko warinta ne zai cika kicin, in kika ƙara mata kamar minti 20 sai warin ya kwanta ya koma ƙamshi, to a nan ta nuna. Yawancin masu cewa ba sa son daddawa, ɗanya aka saba ba su. Sai in rage wuta in riƙa barbaɗa kuka ina kaɗawa da maburgi. Gishiri shi ne na ƙarshe, bayan na ɗanɗana, don sau da yawa kifin da daddawar sun riga sun kawo nasu. Man shanu kuwa ba na tsiyaya shi a tukunya. Cokalin shayi ɗaya nake ɗorawa a kan miyar kowa a kwano, yana narkewa ƙamshinsa na tashi, mutum ya ji kamar an yi masa ambaliyarsa.

Tsami ma abokin tafiya ne. Yakuwa a miyar taushe, ruwan tsamiya a fate, ɗigon lemon tsami a kan kifi ko kwaɗon zogale, duk suna farkar da harshe ta yadda ba ya neman gishiri da yawa. Haka tafarnuwa, ɗoɗɗoya, kimba 'yar kaɗan, da albasar da aka soya a wuta marar ƙarfi har ta yi ja.

Yanzu kanwa, don a nan wasiƙarki ta fi tayar mini da hankali. Mutane ba sa lissafa ta cikin gishiri saboda ba ta da ɗanɗanonsa, alhali sinadarin da ke sa gishiri ya hau da jini, wato sodiyam, shi ne jigon kanwa. Ke da kike Zariya ma tarihin a ƙofarku yake. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun lura da yawan masu jego da ake kawowa zuciyarsu ta gaza, ƙafafu sun kumbura, numfashi yana sama-sama. Da suka bi diddigi suka danganta abin da kunun kanwar da ake ɗura wa mai jego kwana arba'in, haɗe da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙasa. In kanwa za ta iya yi wa yarinya mai jini a jika haka, ina ga dattijuwar da ke jiƙa ta tana sha kullum? Gaskiya ne tana kwantar da ƙwarnafi na ɗan lokaci, shi ya sa iyayenmu suka yarda da ita, amma gwiwa kam ba abin da take yi mata.

A girki ma ki janye hannu daga gare ta. Wake in kika jiƙa shi tun dare zai nuna ba tare da ita ba. Kuɓewa ɗanya ki goga ta ko ki daka, kada ki rufe tukunya, kada ki bar ta ta daɗe a wuta, yauƙinta zai fito. Ɗanwake ne dai ke da taurin kai, amma kuka da ɗan garin rogo suna riƙe shi, sai ki sa rabin ruwan kanwar da kika saba. Kada kuma wata ta ce miki ki musanya da bakin foda ko soda na kek, duk 'yan gida ɗaya ne.

Tuwo bai yi laifin komai ba. Girman malmala ne da farin da muke nema. Dawa, gero da masara in an surfe su fes an zubar da dusa, an zubar da abin da ke sa abinci ya daɗe a ciki ya kuma hana sukari hawa da sauri. Ki sa a yi surfe sama-sama, ko ki haɗa rabin wanda aka surfa da rabin wanda ba a surfa ba har a saba. Ki riƙa sako tuwon alkama da na acha cikin mako, shinkafa da semo su zama na wani lokaci. A kwano kuma miya ta rinjayi tuwo, miyar ma mai ganye: taushe da kabewa da alayyahu, zogale da gyaɗa, ayoyo, karkashi. Dambu in zogalen ya kusa rinjayar tsakin, faten wake da alayyahu, kwaɗon rama, duk abincin gida ne da ba wanda zai kira na asibiti. Mai kuwa ki daina tsiyayawa daga galan, ki auna da cokali. Miyar gida kamar naku cokalin cin abinci uku ko huɗu ya ishe ta. Manja kada ki bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya washe, man da aka yi suya da shi har ya yi baƙi kuma a zubar. Maimakon ƙosai kullum da safe, wasu ranakun ya zama alale.

Tsire kuma kada ki yi yaƙi da shi, za ki sha kaye. Ki kawo shi gida. Jan nama marar kitse ko kaza da aka cire wa fata, ki daka yajinki da kanki: ƙuli-ƙuli, citta, barkono, masoro, kanumfari, busasshiyar tafarnuwa, gishiri ɗan ƙanƙani. Ki gasa a kan waya bisa garwashi, ki yanka albasa da tumatir da kabeji su fi naman yawa. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Ki kuma sani fitar dare ba yunwa kaɗai ba ce, akwai majalisa da abokai, wannan ba naki ba ne ki hana. Naki shi ne ya fita da cikinsa a cike, don mai ƙoshi tsinke ɗaya yake ɗauka a yi hira.

Zoɓo za ki ji ana ta yabonsa, kuma akwai gaskiya a ciki: gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan sauke jini. Amma zoɓon da aka narka wa gwangwanin sukari ya tashi daga magani. Ki dafa shi da citta, kanumfari da ɓawon abarba da aka wanke sosai, kofi ɗaya ko biyu a yini, ki kuma sa maigida ya faɗa wa likitansa yana sha, tunda yana kan ƙwayoyi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ajiye maganin asibiti a ce zoɓo ko tafarnuwa sun wadatar. Hawan jini ba ya sallama. Ranar da awo ya nuna ya sauka, maganin ne ke aiki, ba warkewa aka yi ba. In da hali ku sayi na'urar awo ta hannu, ya zauna ya huta minti 5 kafin a auna, ki riƙa rubuta lambobin da kwanan wata a ɗan littafi. Abin da ake nema shi ne ya zauna ƙasa da 140 bisa 90, ko inda likitansa ya ce.

Mu dawo kan Hajiya da ƙullin ledarta. Na san shi sarai: ƙwayoyi huɗu ko biyar, fara, ruwan ɗorawa, wata mai kai biyu ja da baƙi, ba suna ba kwanan wata. Yawanci abin da ke ciki magungunan kashe raɗaɗi ne irin su diklofenak, ibuprofen ko piroksikam, wani lokaci biyu a haɗe, sannan a jefa deksametason ko ɗan'uwansa. Suna aiki, shi ya sa take nema. Mutum ya sha ya miƙe kamar an zare masa ƙaya. Amma na farkon in aka daɗe ana sha suna cinye bangon ciki su kawo gyambo da zubar jini, suna raunana ƙoda, suna hau da jini. Deksametason kuma yana kumbura fuska, ya tayar da sukari, ya sa ƙashi ya yi rauni. Ki lura da ita: in fuskarta ta yi cika irin wadda mutane ke cewa ta yi kyau, ko ƙafafunta na kumbura, ko ta ce bayan gidanta ya yi baƙi kamar kwalta, maganar ba ta jiran gobe, sai asibiti. Wani abu kuma mai muhimmanci, in ta yi watanni tana sha kullum, kada a tsinke mata rana ɗaya, don irin su deksametason likita ne ke janye su a hankali. A ɗauki ƙulli guda a tafi da shi asibiti a nuna.

Sai dai ba bakinki ne zai faɗi wannan ba. Ke suruka ce, duk daɗin lafazinki za a ji shi a matsayin gyara. Ɗanta ne zai yi. Ranar da zai koma ganin likita ya ce, "Hajiya, ki raka ni mana, a duba ki ke ma hankalina ya kwanta." Uwa ba ta ƙin raka ɗanta asibiti. A can a auna jininta da sukarinta, a duba ƙoda da gwiwar. In likita ya ce a bar kanwa, ta ji daga bakin da ba na 'yar boko ta cikin gida ba.

Naki aikin shi ne kada ki karɓe mata abu ki bar hannunta wayam. Ki zo da abin da ya fi shi. Safe da dare ki jiƙa tawul a ruwan ɗumi, ki matse, ki naɗe gwiwar minti 15 zuwa 20, in ya huce ki sake. Ki fara gwada ruwan da gwiwar hannunki, don tsofaffi, musamman masu ciwon sukari, sukan ƙone ba su ji ba. Bayan gashi ki murza mata man kaɗanya, ko man zafi in fatar ba ciwo. Wannan zaman da za ki yi a gabanta kina tausa kuna hira, zai buɗe miki ƙofar da shekara guda ta nasiha ba za ta buɗe ba. In kuwa gwiwar ta kumbura ta yi ja tana zafi, ko da zazzaɓi, ba gashi, sai asibiti.

Gwiwar da ta tsufa tana son motsi, zama ne ke ƙara sandarar da ita. Tana zaune a kujera ta miƙe ƙafa ɗaya sambal, ta riƙe ta ƙirga biyar, ta sauke, sau goma kowace ƙafa. A ɗaura shi da bayan sallar asuba da la'asar don kada a manta. Naman cinya ne ke ƙarfi da wannan, shi kuma yake ɗauke wa gwiwa kaya. In tana da jiki, ki sani duk kilo ɗaya da ta rage, gwiwa na samun sauƙin kusan kilo huɗu a kowane taku, ga shi tukunyar da kika gyara don ɗanta ita ma za ta amfane ta. Tsugunno shi ne babban abokin gabarta, a samo mata kujerar bayan gida mai rami da kujerar alwala. Salla ma in durƙuso ya gagara, addini ya sauƙaƙa: hadisin Imrana ɗan Husaini da Buhari ya ruwaito ya ce a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune. In tana jin nauyin hakan, malamin da take girmamawa ya faɗa mata. Ranar da ciwon ya motsa sosai, farasitamol ya fi ƙullin leda aminci: ƙwaya biyu masu miligiram 500, a bar aƙalla awa 6 tsakani, kada a wuce takwas a yini, in kuma tsohuwa ce marar jiki likita ya rage mata. Akwai diklofenak na shafawa, wanda bai kai na haɗiya illa ba, a tambayi likita a kansa. Maimakon jiƙon kanwa da safe ki miƙa mata shayin ɗanyar citta da na'a-na'a. Ba zai gyara gwiwa ba, amma yana ɗan rage raɗaɗi ga wasu, yana kwantar da tashin zuciya, ya kuma cike gurbin kofin da ta saba riƙewa. Ƙwarnafin da take sha wa kanwa kuwa, a ci tuwon dare da wuri, a bar awa biyu zuwa uku kafin a kwanta.

Sauran ƙananan ciwuka na gida mai yara huɗu, ga waɗanda na yarda da su. Tari da kaikayin maƙogwaro, zuma cokali ɗaya a ruwan ɗumi da lemon tsami, amma ban da jaririn da bai cika shekara ba, zuma na iya yi masa mummunar illa. Kurkurar maƙogwaro da ruwan gishiri mai ɗumi a tofar. Haƙori in ya tashi cikin dare, a tauna kanumfari a ajiye a wurin kafin gari ya waye, ramin dai sai likitan haƙori. Taurin bayan gida, gwanda, jiƙon tsamiya da ruwa mai yawa. Gudawa, ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokali, in babu na leda da ake sayarwa a kemis. Zazzaɓi kuwa ba na wasa da shi da jiƙe-jiƙe, a je a yi gwajin maleriya, ɗigon jini ne da minti kaɗan.

Shi maigida, in wata rana kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ya dafe ƙirji yana gumi, kada ki tsaya daka tafarnuwa ko neman wanda zai yi tofi. A sa shi a mota, addu'ar a yi ta a hanya. Ciwon kansa na yau da kullum ma kada ya sha daga ledar Hajiya, irin waɗannan ƙwayoyi suna karya aikin maganin hawan jini.

Gobe ki aika a sayo miki daddawa mai kyau, ta kalwa, da kan kifi. Ki yi tuwon dawa miyar kuka a tukunya ɗaya, ki zuba wa maigida a kwanon da ya saba ci kafin a ce yana da ciwo, kada ki ce masa komai. Bayan wata biyu ki rubuto mini lambobin da ke cikin ɗan littafin nan, ki kuma gaya mini abin da likita ya ce da ya kwance ƙullin Hajiya. Ki gaishe mini da ita da jiki.

Gwaggonki